Harajin Idaho Zai Hana Ni Kamo wa Kaka Kifi

Anti Roberta,

Don Allah ki agaza mini. Na jefa kaina cikin abin da na rasa ta inda zan ɓullo masa, ga Yuli kuma sai ƙaratowa yake yi. Na sauya sunayen waɗanda zan ambata, domin kakata ba ta barin filin nan naki ya wuce ta. Idanunta sun yi rauni, amma duk ranar da jarida ta iso sai ta ɗauko gilashinta mai ƙara girman rubutu ta bi ki layi-layi, tana karantawa tana gyara miki shawara.

Ni 'yar garin Nikiski ce a jihar Alaska, a hannun kakata na tashi, bari in kira ta Kaka Verna. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, babana kuma aikin rijiyoyin mai yake yi can arewa, ya zo ya koma. Yanzu ina karatun jinya a Pocatello, jihar Idaho, saura mini shekara guda. Kuɗin makaranta ba wasa ba ne, don haka tun bara na sami aiki a wata ma'ajiyar dankali, Asabar da Lahadi ina tsaye ina tsince ruɓaɓɓu. Har mafarkin dankali nake yi.

Anti, kin dai san mu. A Alaska ba mu san wani abu wai shi harajin jiha a kan albashi ba. Na tarayya kaɗai babana ke cikewa, shi ma yana yi yana tsaki. Duk danginmu babu wanda ya taɓa ganin takardar harajin jiha da idonsa. Ran da na ga an yanki wani abu a albashina da sunan Idaho, na ɗauka kuskure ne, na tafi wurin mai biyan albashi ina hura hanci. Matar ta dube ni ta yi dariya har da riƙe ciki, wai sannu 'yar ƙanƙara, yau an zo inda ake biya.

Da watan Maris ya kama, abokiyar ɗakina Kenzie ta ce in kawo wayata ta nuna mini yadda ake cike takardar, wai ita tun tana sakandare take yi, ko ido rufe za ta iya. Muna cikin bi sai manhajar ta tambaya: mazauniyar Idaho ce ke duk shekara, ko wani ɓangare na shekara, ko kuwa ba mazauniya ba ce? Na tsaya. Kenzie ta ce wai ke da kike kwana a nan, kike cinye mana dankali, kike toshe mana bututun banɗaki da gashinki, mene ne sunanki in ba mazauniya ba, danna mu wuce. Ta ƙara da cewa mazauna har ɗan rangwamen kuɗin cefane jihar ke ba su. Na danna. Kuɗin suka shigo, na sayi takalmin aiki, sauran muka ci kaza.

Sai a ƙarshen zango nake ba wani ɗan garin Homer na can Alaskarmu da ke ajin gaba da ni labari, ina ta alfahari wai na zama gwanar haraji. Ya ajiye cokalinsa ya ce ke kanki ɗaya kuwa, kin taɓa karanta abin da kike sa wa hannu in za ki sayi lasisin kamun kifi na 'yan jiha? Ban taɓa karantawa ba, wa yake karantawa? Na buɗe na duba. Ga shi nan ƙarara: mai saye yana tabbatar da cewa ba ya da'awar zama ɗan wata jiha, kuma ba ya cin wata moriya da sunan haka. Ni kuwa na yi da'awar, na ci moriyar, har tana ƙafata.

Kin san dokar kamun kifi da koma a bakin kogin Kenai, ta 'yan jiha ce kaɗai. Baƙo ko sandar komar ba a yarda ya riƙe ba. Tun da Kaka ta karye a ƙugu, ni ce wakiliyarta, irin wakilcin nan da jiha ke yarje wa tsofaffi su naɗa wanda zai kamo musu rabonsu, kuma dole wakilin ya zama ɗan jiha. Ni ke sa wandon roba in shiga ruwa har ƙirji, haƙorana na kaɗawa. Ita kuma tana zaune a kan kula a bakin yashi, lulluɓe da bargo, tana ƙwala mini kira wai in matsa hagu, wai ko makaho ya ga inda jan kifin ke bi, wai wannan riƙon komar kamar mai riƙon tsintsiya. Ina fitowa da kifi ta karɓe, ta yanka shi jinin ya tsiyaye nan take, ta datse bakin jelar kamar yadda doka ta ce. Ban san wani Yuli ba sai irin wannan.

Bana kuma shi ne na ƙarshe. An sa gidan Kaka a kasuwa, da lokacin kaka ya kama za ta koma wurin Goggo Darlene a Anchorage, gidan bene inda ko kifi ka soya sai maƙwabta sun yi ƙorafi. Ɗakin bandar kifin da marigayi kakanmu ya gina da hannunsa zai tafi tare da gidan. Tun hunturu take cewa tana so ta cika shi sau ɗaya, ta ji ƙamshin hayaƙin a rigarta, daga nan duk wanda ya saya ya mai da shi ɗakin ajiye keke in ya ga dama. Ta riga ta wanke kwalaben adana kifi, ta sa an faskara mata itace.

Kada ki ce maƙwabta za su kawo mata. Za su kawo, sun taɓa kawowa shekarar da na yi zazzaɓi. Ta karɓa ta yi godiya har ƙofa, suna juya baya ta shinshina ta ce wannan kifin da fushi ya mutu, ba a zubar masa da jini ba. Karnukan wani mai tseren kan ƙanƙara ne suka ci rabonsu.

Na kira babana na gaya masa. Ya ce in rufe bakina in sayi lasisina kamar kullum. Wai wa zai sani, Idaho da Alaska zaman tsegumi suke yi? Wai a bakin kogin nan na koyi tafiya, babu mahalukin da ya isa ya ce masa 'yarsa baƙuwa ce saboda ta danna wani abu a waya. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura Kaka ta ji, hawan jininta ya isa haka. Na fahimce shi, Anti, har na so in yarda. Amma na sha ganin jami'an kula da kifi suna bin bakin ruwa suna duba takardu, na taɓa ganin wani bawan Allah tsaye ana rubuta shi a takardar tara, 'ya'yansa na kallo. In aka rubuta ni a gaban Kaka fa? In kuma abin ya bi ni har ranar da zan nemi lasisin aikin jinya? Kenzie kuwa tunda ta ji take bin ni da ban haƙuri, har ta fara ba ni haushi.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba, shi ne ma ya fi ci mini rai. Akwai wani saurayi, Dallin. Gonar babansa yake yi wa aiki, mai sanyin hali ne, mamarsa har kujera ta ware mini a teburinsu ranar Lahadi da dare. Asibitin da nake koyon aiki ma sun ɗan yi mini ƙus-ƙus cewa in na gama ƙofa a buɗe take. Ban amsa wa kowa komai ba. Amma ranar da na danna kalmar nan, ba rashin sani kaɗai ba ne. Wani daɗi na ji ya ratsa ni, na ganin sunana a matsayin 'yar wani wuri da ni na zaɓa. Yanzu kuwa kunyar daɗin nan nake ji, kamar na ci amanar matar da ta goya ni. Lasisin tuƙina na Alaska ne, a can nake zaɓe, duk bazara da Kirsimeti ina gida, kayana suna ɗakina a gidan Kaka. To amma in an sayar da gidan, ɗakin nawa yana ina?

Wani abin da ke ƙara hana ni gaya mata, ina tsoron ta fara rikicewa. Bayan Kirsimeti da na koma Pocatello, na buɗe akwatina sai ga wuƙarta ta gyaran kifi naɗe cikin tawul, wadda ko Goggo Darlene ba ta yarda ta taɓa. Me zan yi da wuƙar kifi a ƙasar dankali? Na kira ta na ce Kaka kin manta wuƙarki a kayana. Abin da kawai ta ce, in riƙa wasa ta, kada in bari ta yi tsatsa, ta shiga zancen kyanwar maƙwabta. Mutumin da ya fara irin wannan mantuwa, ta yaya zan ɗora masa wannan labari?

Anti, abin nan yana gyaruwa kuwa? In bi maganar babana, ko in haƙura da ruwan bana? Idan na haƙura, me zan ce wa Kaka tana zaune a kan kularta tana jiran in shiga? Abinci ma ba ya shiga mini.

Taki,
Mai Koma a Tudu

*

'Yata Mai Koma a Tudu,

Je ki ci abinci tukuna, sannan ki dawo ki karanta. Na daɗe ina cike wa mutane takardun haraji a Soldotna kafin in koma ba da shawara, kuma kusan duk shekara sai ɗaya daga cikin yaranmu da ke karatu a waje ya zo mini da irin wannan fuskar taki. Ba wauta ba ce. Yaron da ya tashi inda ba a karɓar harajin jiha ba shi da wanda zai tambaya a gida, sai ya tambayi na kusa da shi, na kusa da shi kuma ya ba shi amsar da ta dace da kansa. Kenzie ba ta cuce ki ba, takardarta ta cike miki da sunanki. Ki yafe mata, amma kada ki sake miƙa mata wayarki a watan Maris.

Cike takardar da kika yi daidai ne. Jihar da kika yi aiki a cikinta tana da hakki a kan abin da kika samu a can, ko ke 'yarta ce ko baƙuwa. Inda aka kuskure shi ne matsayin da kika zaɓa. Ɗalibin da karatu kawai ya kai shi, gidansa na ainihi yana nan inda ya baro, galibi a matsayin wanda ba mazauni ba yake cikewa. Kada kuma wani ya ruɗe ki da na tsakiyar, na wani ɓangare na shekara, shi ma da'awar zama ce. Sai dai kowace jiha da nata ma'aunin, har da yawan kwanakin da mutum ya yi a cikinta, saboda haka ki tattaro tikitocin jirginki na bara ki kai wa wanda ya san dokar Idaho ya duba. Ki tambaya a makarantarku ko akwai masu taimaka wa ɗalibai kyauta. In ya tabbata ba ki cika ma'auninsu ba, akwai takardar gyara. Za ki mayar da rangwamen cefanen nan, wataƙila da ɗan abin da ya hau kai. Takalmin dai ki ci gaba da sawa.

Ki yi wannan cikin makon nan, ki riƙe shaidar cewa kin aika. Sannan kafin ki sayi lasisi, ki kira ofishin kula da kifi da namun daji, ki faɗa musu abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ki ce ga shaidar gyara, ki roƙi amsarsu a rubuce. Ni mai shawara ce a jarida, ba ni ke da ikon ce miki shiga ruwa ba, su ne. Ki adana takardun nan da kyau, domin masu raba wa 'yan jiha kuɗin man fetur duk shekara ma suna yin tambaya mai kama da wannan.

Babanki yana da gaskiya rabi. Danna abu a waya ba ya kankare yarintar mutum, kuma na ji zafin da ya sa ya faɗi haka, uba ne da ba ya son a kira 'yarsa baƙuwa. Amma hannunki za ki sa, ba nasa ba, kuma ranar da jami'i zai tsaya a gabanki shi yana can arewa. A watan Maris ba ki sani ba. Yanzu kin sani, kuma wannan ne bambancin kuskure da ƙarya. Ko da babu wanda zai taɓa dubawa, na ga irinki a wasiƙarki: za ki tsaya cikin ruwa kina waige-waige, kifin ya wuce ta gefenki, Kaka ta wanke ki tas.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Takardar gyaran nan ita ma magana ce da za ki sa wa hannu, cewa gidanki Alaska ne. Kada ki gudu daga wata ƙarya ki faɗa wata don kawai ki sami shiga ruwa. Son Dallin ba ƙaura ba ne. Kujera a teburin mamarsa ba ƙaura ba ce, ƙus-ƙus ɗin asibiti ma haka. Daɗin da kika ji kuwa babu abin kunya a cikinsa, duk wanda ya girma ya taɓa jin irinsa. Idan gaskiyar ita ce ba ki yanke komai ba, a nan kike zaɓe, nan kike dawowa, nan kike nufin dawowa in kin gama, to abin da kika zayyana mini ya fi karkata ga cewa har yanzu tamu ce ke, ki gyara da zuciya ɗaya. Batun inda za ki kira gida bayan an sayar da na Kaka, ki zauna da babanki da goggonki ku tsai da shi, ki kuma tambayi ofishin tun yanzu.

Idan kuwa can cikin ranki kin riga kin amsa wa Idaho, bakinki ne kawai bai furta ba, to ki bar takardar yadda take, ko ki bi abin da masanin ya ce. Goggo Darlene 'yar jiha ce, ta sa wandon roba ta karɓi wakilcin. Ke kuma ki zauna kusa da Kaka, hannu a aljihu, ku haɗu ku biyu kuna ƙwala mata kira ta matsa hagu. Zai yi miki ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗakin bandar zai cika, kuma ba za ki zauna kusa da ita da abu a ƙunshe a ciki ba.

Saura maganar wuƙa, kuma a nan ne nake ganin kin fi yin kuskure, fiye da na harajin. Matar da ke tuna ta wanke kwalabe tun kafin kifi ya shigo, ta sa a faskara itace, ta bi ni layi-layi tana kama mini kurakurai, ba ta manta wuƙarta a akwatin kowa ba. Wanda ya manta abu ba ya naɗe shi da tawul. Ta dube ki a Kirsimeti, ta ga abin da ke kanki ba ki gama gani ba, ta ɗauki abin da ta fi ji da shi ta sa a kayanki don ya bi ki duk inda za ki. Ba ta ce ki dawo mata da ita ba, cewa ta yi ki riƙa wasa ta. Tsohuwar nan ta riga ta sake ki, 'yata, ba ta jira kin roƙa ba. Abin da zai ƙona mata rai ba tafiyarki ba ce, a ce ku biyu kun haɗa baki da babanki kun mai da ita yarinya.

Kin ce kin sauya sunaye. Kin bar Nikiski, kin bar kula, kin bar kifin da ya mutu da fushi, kin bar wuƙa a cikin tawul, a filin da kika san ba ta bari ya wuce ta. Ina ganin so kike ta ji, kin dai rasa bakin faɗa. To, jaridar nan ranar Alhamis take isa Nikiski. Ki riga ta.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Kaka lafiya, ya kawo jan kifi har ku rasa inda za ku rataya. Ko ke kika shiga ruwan ko goggonki, kada ki manta da wuƙar a Pocatello, kuma ki zo da ita a wase.

Antinki,
Roberta